Ƙwayar kwalara tana zaune lafiya a rijiya, me ke tayar da ita idan ta shiga hanji?

Auwal Gwallameji: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da tambaya ga malamanmu. A aji an ce mana ƙwayar kwalara da ke cikin ruwan kududdufi ko rijiya kusan ba ta yin dafi, sai ta shiga cikin mutum take fara yi. To ita ba ido ba, ba kunne ba, ta yaya take gane cewa ta shiga hanji? Sannan abin da ya fi ɗaure mini kai: a annobar 2021 akwai gidaje a nan Bauchi da kowa randa ɗaya yake sha, amma mutum ɗaya ko biyu ne aka kwasa ranga-ranga, sauran ko gezau. Ƙwayar ce daban-daban ko jikin ne?

Anti Rabi Nas: Wa alaikumus salam. Allah kada ya maimaita mana 2021. Alƙaluman NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, sun nuna sama da mutum 100,000 aka yi zargin sun kamu a ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu, kuma Bauchi ce kan gaba a yawan waɗanda suka kamu. Bari Malam Nasiru ya shigo, fanninsa ne.

Malam Nasiru Gombe: Wa alaikumus salam. Auwal, tambayarka biyu ce, bari in fara da ta farko don ita ce mai nauyi.

Ƙwayar kwalara, Vibrio cholerae, tana da ƙwayoyin gado kusan 4,000 a cikin DNA ɗinta. Ba ta aiki da su duka a lokaci guda. Yin furotin yana cin ƙarfi da abinci, ƙwayar da ta tsaya yin dafi a cikin rijiya inda babu hanjin da za ta zuba shi, 'yan'uwanta da ba su ɓata ƙarfinsu ba za su fi ta saurin hayayyafa su shafe ta. Ka duba mai sayar da tufafi a kasuwar Wunti: rigunan sanyi suna nan a sito duk shekara, amma ba ya baje su a watan Afrilu, sai ya ji iskar hunturu ta kaɗa. Haka umarnin yin dafin yake ajiye a jikinta, a kulle.

Yadda take gane inda take kuwa, a fatar jikinta akwai furotin da suke leƙe waje, ɗaya gefensu kuma yana ciki yana taɓa DNA. Manyansu su ne ToxR da TcpP. Su da wasu abokan aikinsu ne ke jin zafin jikin mutum, da ƙarancin iskar oksijin a cikin hanji, da gishirin ruwan maɗaciya. Idan alamun suka taru sai su kunna ƙwayar gado guda mai suna toxT. Furotin ɗin ToxT shi ne mai mabuɗi. Shi ke kunna abu biyu: tcpA, mai yin wasu siraran gashi da ƙwayoyin ke manne wa juna su kafa sansani a bangon ƙaramin hanji, da ctxAB, mai yin dafin kansa.

Virginia Miller da John Mekalanos ne suka gano ToxR a 1984. Kafin su, Sambhu Nath De a Kalkata ya nuna a 1959 cewa dafi ne ke jawo zawon, domin ya tace ƙwayoyin ya fitar, ya zuba ruwan kaɗai a hanjin zomo, hanjin ya cika da ruwa.

Auwal Gwallameji: Allah ya gafarta Malam, ke nan idan aka cire toxT ƙwayar ba za ta yi komai ba ko da ctxAB na nan?

Malam Nasiru Gombe: Ƙwarai. An gwada a ɗakin bincike. Umarnin dafin yana nan daram, amma babu mai buɗe shi, ƙwayar ba ta iya kafuwa a hanji balle ta sa zawo. Wannan shi ne abin da nake ta nanata wa ɗalibai: samun ƙwayar gadon dafi a jikin bakteriya rabin labari ne. Yaushe take kunna shi, a wane ɓangare na hanji, kuma yaushe take kashe shi, nan ne cutar take.

Dakta Hauwa: Bari in karɓi tambaya ta biyu kafin Malam ya sha ruwa. Ƙanena, yawancin waɗanda ƙwayar ta shiga jikinsu ba sa nuna alama ko kaɗan, amma suna fitar da ita a bayan gida na tsawon kwana 1 zuwa 10. Wato a gidan da ka gani, mai yiwuwa ne kusan kowa ya haɗiye ta. Abin da ya raba su: yawan ƙwayar da kowa ya sha, ƙarfin tsamin cikinsa, ko ya taɓa kamuwa a baya jikinsa ya san ta, da rukunin jini. Masu jinin O, idan suka kamu, ta fi yi musu tsanani.

Dafin kuma ba ya yaga hanji, shi ya sa ba a ganin jini. Yana shiga ƙwayoyin bangon hanji ne ya bar wata ƙofar gishiri a buɗe, gishiri ya yi ta zuba cikin hanji, ruwa ya bi shi. Babban mutum zai iya zubar da kusan lita guda a awa ɗaya. Ka ga mutum da safe yana hira, da la'asar idanu sun faɗa, murya ta dushe, fatar yatsu ta yamutse, ka ja fatar ciki ta ƙi komawa. Idan ba a mayar da ruwan ba, cikin masu tsanani har rabi kan mutu. Idan an mayar a kan lokaci, ba a kai 1 cikin 100.

Maman Khalifa Bolari: Dakta ina wuni. Ni maganar tsamin cikin ce ta tsaya mini. Mu a gida duk wanda ya ce cikinsa na zafi ko ƙwarnafi ya dame shi, kanwa ake jiƙa masa. Surukata ma kullum da 'yar jar kanwarta a ƙullin zane.

Malam Nasiru Gombe: Maman Khalifa kin taɓo wuri mai muhimmanci. Ƙwayar kwalara ba ta jure tsami, tumbi ne katangar farko da ke kashe mafi yawansu. A Amurka cikin shekarun 1970 an yi gwaji da mutanen da suka amince aka ba su ƙwayar su sha. Da ruwa zalla, sai an kai ɗaruruwan miliyoyi kafin mutum ya kamu. Da aka fara ba su sinadarin bikabonet ya kashe tsamin ciki, adadin da ya yi ƙasa da haka nesa ba kusa ba ya isa. Kanwa kuwa dangin wannan sinadarin ce, aikinta ke nan, rage tsami. Haka magungunan gyambon ciki da ake sha ba ƙaƙƙautawa.

Akwai ƙari. Jiki da kansa yana zuba bikabonet a farkon ƙaramin hanji, kuma an nuna cewa shi ma yana ƙara wa ToxT ƙarfi. Wato ɗaya ne daga cikin alamun da ƙwayar ke karantawa ta san ta iso bangon hanji. Shawarata: lokacin da ake annoba a unguwa, a bar shan jiƙon kanwa haka kawai. Wanda likita ya ɗora a kan maganin gyambon ciki kada ya daina, amma ya fi kowa kula da ruwan da yake sha.

Baba Ɗanjuma Ningi: Na karanta duka. Ilimi ne, ba na musu. Amma ni na yi aikin duba-gari har na yi ritaya, kuma ban taɓa ganin ToxR ya shiga gida ya gina masai kusa da rijiya ba. Mutum ne ke yi. Likita John Snow, lokacin annobar kwalara a Landan a 1854, bai san ko ƙwayar ba, ya sa aka cire hannun famfo ɗaya. Ku ba mu ruwan Gubi ya isa kowace unguwa, ku ba Gombe ruwan Dadin Kowa kullum, a dawo da duba-gari da ikon cin tara, ku ga in za a sake jin kwalara. Damina ta zo, masai ya cika ya tumbatsa, ruwa ya kwashe ya kai rijiyar maƙwabci, ɗan garuwa ya ɗiba ya zagaya unguwa. Wannan ne lissafin. Yaranmu suna haddace sunayen furotin, ba su san rijiya na buƙatar tazarar mita 30 daga masai ba.

Anti Rabi Nas: Baba kun faɗi gaskiya wallahi.

Malam Nasiru Gombe: Baba, ranku ya daɗe, babu mai ja da ku a kan ruwa. Da za a ce in zaɓi ɗaya tsakanin famfo a kowane gida da duk abin da na sani, famfo zan zaɓa ban tsaya tunani ba. Amma ku ba ni dama in kawo abu ɗaya daga wannan ilimin da ya shafi aikinku kai tsaye.

Ƙwayar ba kunnawa kaɗai take yi ba, tana kashewa. Kowace ƙwaya tana fitar da wasu ƙananan sinadarai, kuma tana auna yawansu a kewayenta. Idan kaɗan ne, ta san ba su da yawa, sabon zuwa ne, sai ta kunna gashin mannewa da dafi. Idan sinadaran suka taru, ta san hanjin ya cika da 'yan'uwanta, sai wani furotin mai suna HapR ya tashi ya rufe layin ToxT, ya kuma kunna wani sinadarin da ke tsinke su daga majinar bangon hanji. Sai su bi zawon su fita. Bonnie Bassler ta Jami'ar Firinston na cikin manyan da suka warware wannan tsarin.

Ga inda ya shafe ku. A 2002 Andrew Camilli da abokan aikinsa sun ɗauki bayan gidan marasa lafiya a Daka, Bangaladash, suka gwada ƙwayar da ta fito daga mutum da wadda aka raina a kwalba. Wadda ta fito daga mutum ta fi saurin kama hanji ninki-ninki, kuma tana riƙe da wannan halin na wasu awanni ko an zuba ta a ruwan tafki, sannan ya gushe. Ba DNA ɗinta ne ya canza ba, jerin abin da ta kunna da abin da ta kashe ne ya canza. Ma'ana sabon zawon mara lafiya ya fi tsohon ruwan kududdufi haɗari ƙwarai. Mai wanke fo, mai wanke zanen gado, mai riƙe bokiti, mai wankan gawa, da duk wanda zai ci abinci daga hannunsu a wannan yinin, su ne a sahun gaba. Shi ya sa annoba ke tashi kamar wutar daji cikin kwanaki a gida ɗaya da layi ɗaya.

Baba Ɗanjuma Ningi: To wannan na yarda da shi, don na gani da idona. Zaman makoki ya sha jawo mana sabbin marasa lafiya. A wanke gawa, a zo a dama kunu da hannun nan. Amma mu ba mu jira Bangaladash ba kafin mu hana.

Anti Rabi Nas: Tunda an zo nan bari in ajiye ma'aunin da muke aiki da shi a cibiyar kula da masu kwalara. Ruwan kulorin kala uku ake haɗawa, kowanne da bokitinsa da alamarsa. Mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 na bayan gida da amai da gawa. Mai 0.2 na daɓe da gado da tufafi. Mai 0.05 na wanke hannu. Gadon ma daban yake, da rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, muna leƙawa mu auna abin da ya fita don mu san abin da za a mayar. Zawon fari ne tas, da ɗan ƙarni irin na kifi. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne uwa da ta zo da yaro, ta ƙi sakinsa, tana share shi da gefen mayafinta, sannan ta ɓare biskit ta ba ƙaninsa da ke goye. Ba rashin so ba ne, ba a taɓa gaya mata ba ne. Yanzu kafin in sa ƙarin ruwa ma sai na kama hannun uwar na kai ta bakin bokitin wanke hannu.

A gida kuma, kafin a iso asibiti: lita ɗaya na tafasasshen ruwa, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. In akwai na leda ya fi. A yi ta ba shi a hanya, ko yana amai a dakata kaɗan a ci gaba.

Sadiq Yelwa: Malam, na ga wani ya tura a wani zauren cewa mai yana hana ƙwayar kwalara yin dafi, wai a riƙa shan man zaitun ko man shanu. Gaskiya ne?

Malam Nasiru Gombe: Sadiq, an ɗauki gaskiya ce aka ja ta har ta tsinke. Wasu sinadaran mai da ke cikin ruwan maɗaciya suna shiga wani lungu a jikin ToxT su hana shi kama DNA. Haka ne. Amfanin wannan ga ƙwayar shi ne, a tsakiyar hanji inda ruwan maɗaciya ya yi yawa ba ta ɓata dafinta, sai ta ratsa majina ta isa bango inda ya ragu, bikabonet ya ƙaru. Ita ke amfani da shi ta san matsayinta. Mutumin da ke zubar da lita a awa, ruwa da gishiri yake buƙata. Ka ɗura masa mai, ka ɓata lokacin da ba shi da shi.

An dai nemi magani ta wannan hanyar. A 2005 Deborah Hung a ɗakin binciken Mekalanos ta tace sinadarai 50,000 ta samu ɗaya, virstatin, wanda ba ya kashe ƙwayar amma yana hana ToxT aiki, kuma ya kare jariran ɓeraye. Bai zama maganin da ake ba mutane ba. Tunanin ne ke da daraja: a kwance wa ƙwaya makami a bar ta ta wuce.

Alhaji Bala Mai Kemis Azare: Salamu alaikum. Ni ina gefe ina karatu. Gaskiyar magana mu ne ake fara zuwa wajenmu kafin asibiti. Mutum zai shigo ya ce a ba shi Flagyl da kafson nan mai ja da rawaya, ko sifro (ciprofloxacin), ya ma san abin da yake so. In ka ce masa ruwan gishiri da sukari kawai, ya ga kamar ka raina ciwonsa, ya wuce shago na gaba. To tunda ƙwaya ce, kashe ta ba shi ne magani ba? Ina laifin sifro?

Malam Nasiru Gombe: Alhaji, ga wani wuri da kunna ƙwayoyin gado ke iya juya magani ya zama fitina. Akwai wani nau'in bakteriyar hanji E. coli mai yin dafin Shiga, sanannensu O157:H7. Umarnin dafin ba nata ba ne na asali, wani bairos ne da ke kama bakteriya ya shigar da shi cikin DNA ɗinta ya kwanta shiru. Sifro yana aiki ne ta hanyar lalata DNA ɗin bakteriya. Da DNA ya lalace sai ƙwayar ta kunna tsarin gyaran gaggawa. Wannan ƙararrawar ce ke tashin bairos ɗin, ya shiga kwafin kansa da yawa, kowane kwafi da umarnin dafi, ƙwayar ta fashe dafin ya watsu. Dafin Shiga yana bin jini ya kama ƙoda, musamman a yara. A gwajin ɗakin bincike sifro da Septrin duk suna ƙara yawan dafin.

A Jamus a 2011 wata irin wannan, O104:H4, ta kama kusan mutum 4,000, sama da 50 suka mutu. An bi sawu aka gano tsiron hulba ne da ake ci ɗanye, irin kuma daga Masar aka shigo da shi.

Dakta Hauwa: Malam a nan sai na ɗan taka maka birki, kada Alhaji ya fahimci cewa sifro haramun ne ga zawo mai jini. A yankinmu mafi yawan atini na yara ƙwayar Shigella ce ke kawo shi, kuma ita tana buƙatar magani, sifro ma na cikin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kai. Idan na hana yaro mai atini da zazzaɓi magani saboda tsoron O157, zan iya rasa shi ta wata hanyar. Abin da nake so Alhaji ya riƙe shi ne, zawo mai jini ba na kan kanta ba ne, a turo shi a duba. Mu ma muna lura: ko akwai zazzaɓi, ko fitsari ya ragu, ko yaro ya ɗashe, ko fuska ta kumbura. Kuma kada a ba shi maganin tsayar da zawo irin Imodium, yana tsare dafin a ciki ne.

A kwalara ma muna ba da maganin kashe ƙwaya, doksi (doxycycline), ga masu tsanani, yana rage kwanakin zawo. Amma bayan an fara mayar da ruwa ne.

Malam Nasiru Gombe: Haka ne Dakta, a gadon mara lafiya maganarki ce gaba. Shigella kuwa ita ce misali mafi sauƙi ga tambayar Auwal ta farko. A zafin digiri 30 ba ta iya kutsawa cikin ƙwayoyin hanji. Wani furotin, H-NS, yana danne ƙwayar gadon virF. A digiri 37, zafin jikin mutum, lanƙwasar DNA a wurin tana miƙewa, H-NS ya saki, virF ya kunna virB, shi kuma ya kunna allurar da take huda hanji da ita. Zafi ne babban abin da take aunawa. Kuma tana jure tsamin ciki, ƙwaya 10 zuwa 100 sun isa, shi ya sa take bin hannu da ƙuda ba sai ta ruwa ba.

Usman Likitan Dabbobi Kumo: In ƙara a kan O157. Shanu ne ma'ajiyarta, kuma ba ta sa su ciwo, domin jijiyoyin jininsu ba su da maƙalin da dafin ke kamawa. Saniya lafiyayya sumul tana iya ɗauke da ita. Inda take tsallakowa shi ne kashin shanu ya taɓa nono wajen tatsa, ko nama a mayanka idan an fasa hanji a ƙasa ɗaya da naman, ko taki ɗanye a lambun latas da kabeji. Tana jure tsami sosai, don haka tsamin nono kaɗai ba hujja ba ne. A dafa madara kafin a kwantar da ita, da yawa daga cikin masu kindirmo dama haka suke yi.

Alhaji Bala Mai Kemis Azare: Na ji. Amma wanda ya sha Flagyl ɗin kwana biyu ya ce ya warke fa? Wace illa ya yi wa kansa?

Malam Nasiru Gombe: Yawancin zawon ruwa kan tsaya da kansa cikin kwanaki, maganin ne ke karɓar yabon. Illar kuma tana ɓoye. Hanjinka cike yake da bakteriya na gida. Wasunsu suna cin dusar gero da dawa da wake da ganye su fitar da wani sinadari, butiret. Ƙwayar cutar Salmonella tana jin wannan sinadarin, kuma idan ya yi yawa tana rage kunna na'urar da take kutsawa hanji da ita, wadda furotin HilD da HilA ke juyawa. Flagyl kuwa daidai waɗannan na gidan marasa son iska yake kashewa. Tun 1954 Marjorie Bohnhoff da abokan aikinta a Shikago suka nuna cewa ɓeran da ake buƙatar Salmonella kusan 100,000 kafin ya kamu, idan aka fara ba shi maganin kashe ƙwaya sitireptomaisin, ƙasa da 10 sun isa.

Salmonella tana da wani tsari da har yau yake ba ni mamaki. Ƙwayoyin duka DNA ɗinsu ɗaya, a hanji ɗaya, amma wani kaso ne kawai ke kunna na'urar kutsen. Su suke shiga bangon hanji, su tayar da kumburi, yawancinsu garkuwar jiki ta kashe su. Kumburin sai ya hallaka bakteriyan gida, ya kuma samar da wani sinadari, tetratayonet, da Salmonella ke iya numfashi da shi, sauran ba sa iyawa. Waɗanda suka zauna a tsakiyar hanji ba su kunna komai ba su ke cin ribar. Masu bincike a Zurik ne suka bayyana wannan rabon aikin a 2008, batun tetratayonet kuma wasu ne suka gano shi daga baya.

Auwal Gwallameji: Malam to ta taifod fa? Ita ma Salmonella ce ai, amma ba ta cika sa zawo da wuri ba.

Malam Nasiru Gombe: Ita akasin haka take bi. Salmonella Typhi, mai kawo taifod, tana da wani furotin, TviA, da ke jin bambancin gishiri tsakanin cikin hanji da cikin nama. Da ta ratsa bango sai ta lulluɓe kanta da wata riga da ake kira Vi, ta kuma rage yin bulalar da take iyo da ita, wadda garkuwar jiki ke saurin ganewa. Babu kumburi sosai, babu ƙararrawa, ta shige jini. A cikin ƙwayoyin garkuwar da suka haɗiye ta kuma, PhoP da PhoQ suna jin tsami da ƙarancin magniziyam su kunna wani jerin na daban da ke sa ta rayu a ciki. Mako ɗaya zuwa biyu kafin zazzaɓi ya bayyana. Wasu kuma ta zauna musu a maɗaciya shekaru suna yaɗawa ba su sani ba.

Amma wanda ya fi shafar mu a Afirka shi ne wani nau'in Salmonella Typhimurium da ake kira ST313. 'Yar'uwarta a Turai zawo take sawa ya wuce. Wannan kuwa jini take shiga, tana kashe yara masu zazzaɓin cizon sauro ko tamowa ko sikila, da manya masu ƙanjamau. A 2018 ƙungiyar Jay Hinton a Jami'ar Libaful ta yi nazarin wata da aka samo daga Malawi, ta gano canjin wani harafi ɗaya, cikin haruffan DNA kusan miliyan 5, da ya ƙara mata ƙarfi. Kuma ba a cikin ƙwayar gadon ba, a makunninta ne, gaban wata mai suna pgtE. Duka biyun suna da pgtE. Ta Afirka dai ta fi kunna ta, furotin ɗin kuma yana yanka sinadaran jini da ke huda bakteriya. Ba shi kaɗai ne dalili ba, amma ka ga abin da harafi ɗaya a makunni zai iya yi.

Dakta Hauwa: Kuma irin wannan yaron zazzaɓi kawai yake zuwa da shi, sau da yawa babu zawo. A yi gwajin maleriya ya nuna akwai, a ba da magani, zazzaɓi ya ƙi sauka. Gwajin Widal na taifod ba zai gaya maka komai a kanta ba. Sai an shuka jini a kwalba.

Baba Ɗanjuma Ningi: Duk da haka ina nan a kan bakata. A 2018 an kawo rigakafin kwalara na ɗigawa a baki nan Bauchi don mutum kusan 600,000. An yi, an gode. Shekara uku bayan nan me ya faru? Rigakafi kariyarsa ta 'yan shekaru ce, rijiyar kuma tana nan inda take kusa da masai. Ku malamai ku riƙa haɗa wa yaran nan biyun. Wanda ya san HapR ya san kuma yadda ake auna kulorin a rijiya.

Auwal Gwallameji: Baba in sha Allahu. Malam, dama aikin kammala karatuna nake son yi a kan ruwan rijiyoyin unguwarmu. Zan iya nuna ko ƙwayar ta kunna dafi ko ba ta kunna ba?

Malam Nasiru Gombe: Ka raba abu biyu. Nuna cewa tana da ctxA da tcpA da toxR, wannan DNA ne, na'urar PCR mai kwafin DNA ta isa, kuma DNA yana da juriya. Nuna cewa ta kunna su kuwa sai ka auna RNA, wato saƙon da ake kwafa daga ƙwayar gado idan an kunna ta, shi kuma cikin mintuna yake lalacewa, yana buƙatar sinadarin adanawa nan take da firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili wadda wuta ba ta yanke mata. Kuma da zarar ka raina ƙwayar a kwalba, abin da za ka auna halin kwalbar ne, ba na rijiyar ba.

A matakinka ga abin da zai yiwu. Ka ɗebi ruwan da damina da kuma rani daga rijiyoyi ɗaya, ka auna tazarar kowace daga masai mafi kusa ka rubuta. Ka zuba a ruwan fefton na renon bakteriya mai kanwa-kanwa, pH 8.6, na awa 6 zuwa 8, Vibrio na son hakan, sauran ba sa so. Ka ɗebi na saman ka shafa a farantin renon Vibrio da ake kira TCBS, washegari ka nemi ɗigo-ɗigo masu launin rawaya. Ba duk rawaya ce mai annoba ba, Vibrio cholerae tana da rukuni sama da 200, O1 da O139 ne kawai ke tayar da annoba, don haka sai ka tabbatar da ruwan gwajin O1, sannan PCR na ctxA. Ka fara samun izinin kwamitin ɗa'a na makaranta da na mai unguwa, ka yi aikin ƙarƙashin mai kula da ɗakin gwaji, kuma duk rijiyar da ta nuna O1 ka sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, kada ka jira sai ka gama rubutu. Ka turo mini tsarin aikin ta akwatin sirri in duba kafin ka kai wa malaminka.